Daga Zariya zuwa Kilkenny, garin malamin firamaren da ya ɗauki kofi goma sha ɗaya

Kwana goma bayan babbar sallar 2023, ranar Asabar da asuba, na bar Zariya. Ƙanena likita ne a ƙasar Ayilan, shekararsa goma sha ɗaya a can, kuma tun rasuwar mahaifinmu yake roƙona in zo in ga inda yake zaune, in ga 'ya'yansa da idona. Ni kuwa malamin firamare ne. Shekara ashirin da shida ina riƙe da alli, kuma tun da aka ɗauke ni aiki wasannin makarantarmu suke hannuna. Na faɗi wannan ne don a gane yadda tafiyar zumunci ta rikiɗe ta zama bin sawun wani malamin firamare da ban taɓa jin sunansa ba kafin in taka ƙasar.

Biza ta ci mini kusan wata biyu. Ayilan ba ta cikin ƙasashen Turai masu biza ɗaya, nata daban ne, kuma ta Ingila ba ta shigar da kai. Na kai takardar gayyata, da bayanan asusun banki na wata shida, da takardar izini daga wurin aiki, na biya yuro 60. A lokacin yuro ɗaya ya haura naira 800, ga tallafin mai da aka cire wata ɗaya da 'yan kwanaki kafin nan, don haka kuɗin mota daga Zariya zuwa Kaduna ma sai da ya ninka abin da na saba biya. Shinge uku muka wuce kafin Kaduna. Daga Rigasa na hau jirgin ƙasa zuwa Abuja, da dare jirgin sama ya ɗaga da mu zuwa Santambul, na yi awa uku a can ina jira, sannan muka miƙe Dublin.

Jami'ar shige da fice ta tambaye ni wurin wa na zo, kwana nawa zan yi, ina tikitin komawa. Na nuna mata, ta buga hatimi. A wajen kwastan aka tambaye ni ko ina ɗauke da nama ko madara. Ƙanena ya riga ya gargaɗe ni cewa ba a shiga da su, shi ya sa soyayyen naman layyar da uwargida ta ƙulle masa ya tsaya a Zariya. Kuka da busasshiyar kuɓewa da yaji suka wuce lafiya.

Yana tsaye a bakin ƙofa da babban ɗansa, ɗan shekara goma, wanda rabona da shi tun yana goye. Yaron ya durƙusa ya gaishe ni da Hausar da ta ɗan karye, ya ce, "Baffa, sannu da hanya." Sanye yake da riga mai ratsin baƙi da ruwan ɗorawa, irin launin zuma-zuma. Ban kula da rigar ba sai da muka hau babban titi.

Daga filin jirgi zuwa Kilkenny tafiyar awa ɗaya da rabi ce, kilomita ɗari da ɗoriya, a hannun hagu. Babu shinge ko ɗaya, babu wanda ya tsayar da mu. Kuɗin hanya ma na'ura ce take ɗaukar lambar mota daga sama, mutum ya biya daga baya. Amma abin da ya ɗauke mini hankali shi ne ɗaya hannun. Motoci ne jere, ƙanana da bas-bas, duk sun nufi Dublin, kowacce da tuta a taga mai launin rigar yaron nan. Na ce, "Zaɓe ake yi?" Ƙanena ya ce, "A'a Yaya, wasa ne. Yau Kilkenny za ta kara da Clare a wasan kusa da na ƙarshe. Garin da za mu shiga yanzu rabinsa ya tafi."

Haka kuwa muka same shi. Tutoci a kan gidaje, a tagogin shaguna, har a jikin sandunan fitila, amma tituna shiru. Na ci tuwon shinkafa da miyar kukar da matar ƙanena ta kaɗa daga tsarabar da na kawo, ina shirin kwanciya, sai aka ƙwanƙwasa ƙofa. Maƙwabcinsu ne, dattijo ɗan shekara saba'in da wani abu, tsohon ma'aikacin gidan waya. Ya ce bai kamata baƙo ya kwana a Kilkenny ranar wasa bai ga wasa ba. Muka bi shi gidansa, matarsa ta kawo shayi da madara da wani burodi mai launin ƙasa, mai nauyi, da man shanu a kai.

Wasan sunansa harlin. Minti goma na farko ban ga ƙwallon ba sam, sai dai in ga mutane sun ruga wuri ɗaya. Mutum goma sha biyar ne a kowane ɓangare, kowa da gora mai faffaɗan kai da hular kwano, fili kuwa ya fi na ƙwallon ƙafa tsawo da faɗi. Ƙwallon bai wuce girman lemo ba, na fata ne mai ɗinki a waje, suna ce masa silita. Raga tana da dogayen sanduna biyu da suka wuce sandar sama. In ƙwallo ya bi ta sama tsakanin sandunan, maki ɗaya. In ya shiga raga, maki uku. Ba a ɗaukar ƙwallo daga ƙasa da hannu, sai dai a ɗago shi da gora, kuma ba a wuce taku huɗu da shi a tafin hannu. Wanda yake son gudu da shi sai ya ɗora shi a kan gorar yana gudu, kamar mai ɗauke da ƙwai a cokali. Na ga saurayi ya yi tsalle ya cafe ƙwallo daga sama da hannu tsirara alhali gorori uku suna kaɗawa kusa da yatsunsa. Gabana ya faɗi.

Sai na tuna muna yara a bayan ganuwa, muna saran reshe mai lanƙwasa muna bugun ƙwallon goruba da shi har ƙafafunmu su yi jini. Na gaya wa dattijon. Ya ajiye kofinsa ya sa na sake kwatanta masa yadda muke yi, har da yadda muke zaɓen reshen.

Ana dab da tashi, wani ɗan wasan Clare mai suna Peter Duggan ya ɗirka ƙwallo ya nufi raga, mai tsaron gidan Kilkenny, Eoin Murphy, ya yi sufa ya taɓa shi da gora, ya bugi sandar sama ya haye. Dattijo ya miƙe tsaye bai san ya miƙe ba. Kilkenny ta ci da tazarar maki uku, 28 da 25. Da ya zauna sai ya ce, "Wannan ne karo na farko cikin shekara ashirin da biyar da za mu je wasan ƙarshe babu Cody a bakin fili."

Na ce wane ne Cody? Ɗakin ya yi tsit. Yaron ƙanena ya dube ni, ya ce, "Baffa, Brian Cody fa, tsohon kocin Kilkenny!"

A daren nan rana ba ta faɗi ba sai wajen goma saura, isha'i ta kai bayan sha ɗaya, asuba kuma kafin uku da rabi. Kwana uku na yi kafin barcina ya daidaita. Ruwa kuwa kusan kullum, yayyafi mai sanyi da ba ya ɗaukewa. Daga baya hukumar yanayin ƙasar ta ce ba a taɓa samun watan Yuli mai ruwa irin na wannan shekarar ba tun da aka fara rubutawa. Ƙanena yana asibiti daga safe har yamma, don haka dattijon ne ya zama ɗan rakiyata. Da ya ji aikina sai ya ce to lallai akwai wuraren da zai kai ni.

Kilkenny ƙaramin birni ne, a ƙafa ake zaga shi. Kogin Nore ya ratsa ta tsakiya, tsohuwar fada ta dutse tana kallonsa daga sama. Kusa da gada akwai wani babban sassaƙe na dutse, 'yan wasa uku sun miƙa hannu sama suna neman ƙwallo ɗaya. Amma ba sassaƙen ne ya gaya mini matsayin wasan a garin ba, yaran ne. Makarantu suna hutu, kuma duk yaron da ka gani, mace ko namiji, da gora a hannu. Mai zuwa shago sayen madara yana tafe yana buga ƙwallo a bango yana cafewa. Biyu suna tsallaken titi da juna suna aika wa juna. Kamar yadda ɗan Fulani ba ya rabuwa da sandarsa, haka suke.

Muka bi ta gaban Kwalejin St Kieran's, makarantar sakandare da aka kafa a 1782, wadda ta fitar da manyan 'yan wasan gundumar da yawa. Nan Cody ya yi karatu. An haife shi a 1954, mahaifinsa ya daɗe yana shugabantar ƙungiyar unguwarsu, James Stephens, wadda mutanen gari suke kira "Ƙauyen" da harshensu. A 1972 shi ne kyaftin ɗin matasan Kilkenny da suka ci kofin ƙasa na 'yan ƙasa da shekara goma sha takwas. Shekara ɗaya bayan nan, yana da shekara goma sha tara, ya buga wasan ƙarshe na manya, Limerick ta doke su. Dattijon ya ce in riƙe wannan suna, zan sake jin sa.

Ɗan baya ne, dogo, mai kyan cafe ƙwallon sama. Ya ci kofin ƙasa a fili sau uku: 1975, da 1982, da 1983. A na 1982 shi ne kyaftin, shi ya ɗaga kofin Liam MacCarthy bayan sun lallasa Cork. Da ƙungiyar unguwarsa ma ya ci kofin ƙungiyoyi na ƙasa baki ɗaya sau biyu, 1976 da 1982. Amma labarin da dattijon ya fi daɗewa a kai ba na nasara ba ne. A 1978 an ɗauke Cody daga baya an kai shi gaba, wurin da ba nasa ba, a wasan ƙarshe da Cork. Kilkenny ta sha kashi. Da tawagar ta dawo gida aka taru tarbarsu, wasu daga cikin taron suka yi masa ihu. Dattijon ya yi shiru, sannan ya ce, "Mutanen garinsu ne fa. Bayan shekara huɗu su ɗin ne suka fito tarbarsa da kofi."

Daga nan ya kai ni ƙofar makarantar firamare ta St Patrick's De La Salle. A rufe take saboda hutu. Gini ne na makaranta kamar kowanne, da ɗan fili. Nan Brian Cody ya yi aikin koyarwa, ya zama hedimasta, ya yi ritaya a 2015. Na daɗe a tsaye a bakin ƙofar ina lissafi. An naɗa shi kocin Kilkenny a ƙarshen 1998. Ke nan shekara goma sha shida yana haɗa biyun: da safe yana cikin yara da rajista da iyayen da suka zo ƙorafi, da yamma yana filin Nowlan Park da manyan 'yan wasan ƙasar, ranar Lahadi yana gaban mutum dubu tamanin, ranar Litinin ya koma makaranta. Na san nauyin aikin hedimasta, ina ganin namu. Na tambayi dattijon nawa ake biyan koci. Ya ce a dokar ƙungiyar GAA, mai kula da wasan tun kafuwarta a 1884, babu albashi ga ɗan wasa ko koci, sai kuɗin mai da ɗawainiya. Henry Shefflin, wanda ya ci kofin ƙasa sau goma, a banki ya yi aiki. Eddie Brennan ɗan sanda ne. Eoin Larkin aikin soja ya yi. Kuma ba a sayen ɗan wasa. Inda aka haife ka nan za ka buga wa, unguwarka da gundumarka, ko suna ci ko ba sa ci.

Wannan magana ta zauna mini a rai. Duk yaron da na taɓa koya wa ƙwallo, burinsa da nawa ɗaya ne: wani ya gan shi ya ɗauke shi ya tafi da shi nesa. Ban taɓa raya wa yaro cewa zai girma ya buga wa unguwarsu har ya tsufa, kuma a girmama shi a kan haka ba. A dambe da kokawa ne kawai muke da irin wannan, inda ake cewa ɗan wane gari ne, kuma garin ya ji nasararsa a jikinsa.

A Nowlan Park babu wasa ranar, amma wani ma'aikaci ya bar mu muka leƙa. Ciyawa shar, kujeru babu kowa. Dattijon ya nuna mini inda yake zama shekaru da yawa yana kallon atisaye, domin a zamanin ana barin jama'a su shigo. Ya ce Cody yakan raba 'yan wasansa gida biyu, ya jefa ƙwallo, ya tsaya a tsakiya da hularsa mai baki, usur a hannu amma da wuya ya hura. Duka, ture, riƙo, duk a ci gaba. Wanda ya jure wannan, wasan gaske ba ya ba shi tsoro. Kuma ba ruwansa da suna. Wanda ya fi ƙoƙari a atisayen makon shi zai buga, ko da wanda zai zauna a benci yana da lambobin yabo cike da aljihu.

Shekararsa ta farko, 1999, ya kai wasan ƙarshe Cork ta ci su da maki ɗaya tak, 13 da 12, cikin ruwan sama. A 2000 ya ɗauki kofi. A 2001 Galway ta fi ƙarfinsu a jiki ta fitar da su, kuma mutanen garin suna cewa daga wannan rana ya sauya, ya fara neman masu ƙarfi da naci kafin masu ado. Sai 2002 da 2003. Sai huɗu a jere, 2006 zuwa 2009. A na 2008 sun ci Waterford 39 da 16, tazarar maki 23 a wasan ƙarshe. A 2010 suna neman na biyar a jere, abin da babu wanda ya taɓa yi, Shefflin ya ji rauni a gwiwa. Da aka ji zai gwada atisaye, dubban mutane suka cika wannan fili don kawai su ga ko zai iya gudu. Ya fara wasan ƙarshen, gwiwar ta sake tafiya tun farkon wasa, Lar Corbett na Tipperary ya zura uku a raga, zance ya ƙare. Shekara mai zuwa suka dawo suka karɓe kofin daga hannun Tipperary ɗin.

Wanda ya fi burge ni shi ne na 2012. Sun yi canjaras da Galway a wasan ƙarshe, aka sa ranar sakewa. Sai Cody ya ɗauko wani saurayi, Walter Walsh, wanda bai taɓa buga wa manyan Kilkenny wasan gasar ba ko sau ɗaya, ya sa shi a cikin sha biyar na farko. Yaron ya ci ɗaya a raga da maki uku, aka zaɓe shi gwarzon wasan. Ni malami ne, na san wannan ido. Ido ne na mutumin da ya shekara talatin yana kallon aji yana gane wane yaro ne ya shirya tun yaron bai sani ba. Ya ƙara 2014 da 2015. Jimla kofin ƙasa goma sha ɗaya, na lardin Leinster goma sha takwas, na lig goma, cikin kakar wasa ashirin da huɗu.

Ba duk abin da na ji ne ya kwanta mini ba. Dattijon da kansa ya ce akwai 'yan wasan da suka ba gundumar ƙuruciyarsu, ranar da ƙafarsu ta fara sanyi aka ajiye su babu dogon bayani. A 2003 kyaftin ɗin tawagar, Charlie Carter, ya bar ta ana tsakiyar gasa saboda zaman benci, kuma garin ya rabu biyu a kan maganar. Ya kuma nuna mini a wayarsa abin da ya faru a 2022, lokacin da Shefflin ya zama kocin Galway ya doke Kilkenny da maki ɗaya. Bayan tashi suka yi musabaha, Cody ya riƙe hannun tsohon ɗan wasansa yana dubansa da fuska a ɗaure. Na kalla sau uku. Na fahimci zafin faɗuwa, amma ban ji daɗinsa ba. Ɗalibin da ya yi maka shekara goma sha shida, ranar da ya kayar da kai da ilimin da ka ba shi, ai ranar alfaharinka ce. Na faɗa wa dattijon haka. Ya ce, "Malam, da yana da irin zuciyar da kake so, da bai ci sha ɗaya ba." Mun rabu a ranar kowa yana kan bakansa.

Wasansa na ƙarshe shi ne na Yulin 2022. Limerick ta ci su 34 da 32. Ƙasa da mako guda bayan nan ya ajiye aiki. Limerick ce a farkonsa yana ɗan sha tara, Limerick ce a ƙarshensa yana da sittin da takwas. Abin da ya yi bayan nan shi ne ya koma ƙungiyar unguwarsa, James Stephens, yana taimaka musu da horo. Mun bi ta filinsu da yamma, masu launin kore da ja. Iyaye ne a bakin fili da lema, wasu suna jera mazugai, wata mata tana raba ruwa, yara 'yan shekara shida da hulunan da suka fi kansu girma suna koyon ɗago ƙwallo. Babu wanda ake biya a cikinsu. A irin wannan fili, na wata ƙungiyar, ɗan ƙanena yake bugawa. Na je na gan shi sau biyu. Kocinsu, wani mai gyaran wutar lantarki, yana kiran sunansa daidai yadda muke kiransa a gida.

Ranar Juma'a muka yi salla a wani ɗan masallaci, 'yan Pakistan da Sudan da Najeriya da wasu. Nama na halal akwai shagon da ake samu. A waje kifi da soyayyen dankali na fi ci, yuro goma sha uku faranti, shayi kofi ɗaya yuro uku. Na daina juya kuɗin zuwa naira bayan kwana biyu don abincin ya shiga.

Kafin mako na biyu ya ƙare dattijon ya kai ni wurin wani masassaƙin gora a bayan gari. Rumfar cike take da ƙurar katako da ƙanshinsa. Ya ɗauko wani falle ya nuna mini yadda zaren itacen ya taho a miƙe sannan ya lanƙwashe a ƙasa. Ya ce gora ba ta fita sai daga gindin bishiyar ash, daidai inda gangar jiki take juyawa ta zama saiwa, domin lanƙwasar kan gorar dole ta bi lanƙwasar da Allah ya yi wa itacen, in ba haka ba bugu ɗaya za ta tsage. Ya zana siffar da fensir, ya yanke, ya dinga fere ta da wata wuƙa mai mariƙi biyu, yana ɗagawa yana auna nauyinta a yatsa biyu, yana komawa. Ya ce wata cuta da ta shigo ƙasar a 2012 tana kashe bishiyoyin, itacen yana ƙara wuya, har wasu sun fara yin gorar da gora irin tamu ta kara. Na sayi ƙanana biyu da ƙwallo uku, yuro sittin da biyar duka.

Tikitin wasan ƙarshe a shekarar yuro 90 ne, kuma ta hannun ƙungiyoyin unguwa ake rabawa, ba ya isa ko masu shi. Ranar 23 ga Yuli muka sake taruwa a ɗakin dattijon. Limerick ce kuma. Derek Lyng, wanda ya buga wa Cody wasa sannan ya yi masa mataimaki, shi ne a bakin fili. Kilkenny ta fara da kyau, kyaftin Eoin Cody ya ci a raga. Dattijon ya ce sunan ne kawai ɗaya, wannan ɗan ƙauyen Ballyhale ne, ɗan 'yar'uwar Shefflin. Aka tafi hutun rabin lokaci suna gaba da maki uku. Da aka dawo suka ƙara ɗaya a raga, ɗan ƙanena ya hau kujera. Daga nan sai Limerick ta fara jefa maki daga nesa, daga gefe, daga tsakiyar fili, ɗaya bayan ɗaya, kamar ruwan da ake yi a waje. Aka tashi 30 da 21. Limerick ta ci huɗu a jere, ta kamo abin da yaran Cody suka yi. Yaron ya kifa kai a cinyata yana kuka. Dattijon ya bar shi ya yi mai isarsa, sannan ya ce masa ya ɗauko gorarsa. Suka fita bayan gida cikin yayyafi, ina jin ƙarar ƙwallo a bango har magariba.

Ranar Talata na yi sallama. Na hau jirgin ƙasa zuwa tashar Heuston a Dublin, awa ɗaya da rabi, saboda ina son ganin Croke Park, filin da ake buga wasan ƙarshe, kafin in tashi. Filin yana ɗaukar mutum 82,300, kuma yana tsakiyar gidajen mutane. Mai zagayawa da mu ya tsaya a gaban rumfar Hogan ya ba mu labarin 21 ga Nuwamba 1920, ranar da dakarun Birtaniya suka buɗe wuta ana tsakiyar wasa, mutum goma sha huɗu suka mutu, har da ɗan wasan Tipperary Michael Hogan, wanda aka sa wa rumfar sunansa. Ya nuna mana matakalar da kyaftin yake hawa ya karɓi kofi. Na hau ta a hankali, na juyo na dubi filin kamar yadda Cody ya dube shi a 1982.

A filin jirgi aka ce gororin ba za su shiga ciki da ni ba, sai cikin kaya. Na naɗe su da rigar sanyin da ba zan ƙara bukata ba.

Da aka koma makaranta na kai su fili ranar wasanni. Yara suka yi layi. Cikin rabin awa wata yarinya 'yar aji biyar ta iya ɗago ƙwallo daga ƙasa ta cafe, kafin duk mazan. Gora biyu ba za su ishi yara ɗari ba, don haka ranar Asabar na ɗauki ɗaya na kai wa wani tsohon masassaƙi da yake yi mana ƙotar fartanya. Ya juya ta, ya bi zaren itacen da babban yatsa har inda ya lanƙwashe, ya ƙwanƙwasa ta a ƙasa ya saurara. Ya ce, "Malam, wanda ya yi wannan ya san itace. Daga gindi ya ciro ta." Ya ce darbejiya ba za ta yi ba, za ta tsage. Zai nemo marke, in dawo bayan kasuwa biyu.